Yadda Ake Karantar da Yara a Gida a Birnin Kano

Kuɗin makaranta na hawa kowane zango, ga kuɗin adaidaita sahu safe da rana, ga ajin da malami ɗaya ke fama da yaran da ba zai iya riƙe sunayensu duka ba. A wani gidan kuma ba kuɗi ne matsalar ba. Yaro ne mai sikila da sanyin hunturu ke kwantar da shi, ko yarinya ce ake son ta yi hadda ba tare da ta saki boko ba. Irin waɗannan dalilai ne ke sa wasu iyaye a Kano tunanin zaunar da 'ya'yansu su karantar da su da kansu.

Karatu a gida ba baƙon abu ba ne a garin nan. Yawancinmu a bakin uwa muka fara jin Fatiha, kuma har gobe akwai zaurukan da ake ɗaukar Ahalari da Ishmawi da Risala a cikin birni. Inda boko ya bambanta shi ne ƙarshensa takardar shaida ce, ita kuwa ba uwa ce ke bayar da ita ba. Don haka tsarin da ke tafe a kan abu uku ya tsaya: ku san jarrabawar da yaro zai fita ta cikinta, ku san inda yake tsaye yau, sannan ku riƙa cike tsakanin kaɗan-kaɗan kullum. Sayen littattafai daga baya yake zuwa.

Mataki na farko: ku daidaita da hukuma, ku daidaita da mutanen gida

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa kowane uba ko mariƙi alhakin ganin yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, shekara 9 ke nan. Wanda aka samu da saɓawa, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Jihar Kano ita ma tun 2019 ta ƙaddamar da tsarin ilimi kyauta kuma dole. Dokar ba ta shimfiɗa wata hanya ta yi wa karatun gida rijista ba, shi ya sa bai dace a yi abin a ɓoye ba. Ku je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku, Dala ce ko Gwale ko Tarauni ko Nassarawa, ku yi wa Sakataren Ilimi bayani. Sannan ku nemi wata makaranta mai rijista a kusa da ku, ku zauna da shugabanta ku ji ko za ta yarda sunan yaron ya kasance a wurinta, ya riƙa zuwa jarrabawar ƙarshen zango. Wannan alaƙar ita za ta fisshe ku nan gaba.

Na cikin gida ya fi wannan wuya. Wa zai karantar? Idan amsar ita ce "Umma za ta yi", alhali Umma ce ke girki, ita ke raino, ita ke sana'arta, to ba a amsa ba tukuna. A zauna a raba aikin da sunan kowa: uwa ta riƙe karatu da rubutu da safe, uba ya riƙe lissafi ko bitar dare, a ɗauki malami ga abin da duk biyun ba su iya ba. Uban da zai ce shi nasa kawo kuɗin littafi ne kawai, gara ya bar yaran a makaranta.

Kakanni kuma a same su tun kafin su ji a bakin wani. "Hajiya, ba cire su muka yi daga karatu ba. Za mu gwada shekara ɗaya ne, kuma duk ƙarshen wata za su zo su karanta miki ki ji da kunnenki." Tsohuwar da aka sa a cikin lamari ita ce za ta tare muku surutun dangi.

Mataki na biyu: ku fara daga ƙofar fita

Ku ɗauki takarda ku rubuta shekarar da yaron zai kai kowace jarrabawa.

A ƙarshen aji 6 na firamare akwai jarrabawar shiga makarantun gwamnatin tarayya da NECO ke shiryawa, ta nan ake shiga irin su Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kano da ta 'yan mata da ke Minjibir. Makarantun kuɗi kuwa kowace da gwajinta. A ƙarshen aji 3 na ƙaramar sakandare akwai BECE, ita kuma ta hannun makaranta ake yin rijistarta, ka ga amfanin alaƙar da aka ƙulla a matakin farko. A wannan gaɓar ne kuma ake neman shiga makarantun kimiyya na jiha, irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa tun 1977.

Babbar ita ce ta kammala sakandare. WAEC da NECO kowace tana da iri biyu. Ta 'yan makaranta tana buƙatar makin gwaje-gwajen aji da makaranta ke tarawa tana turawa, don haka ba a ɗauko yaro daga gida a jefa shi aji na ƙarshe a ce ya zauna. Ta masu zaman kansu ita ce ƙofar ɗan gida: WAEC na yin ta sau biyu a shekara, NECO sau ɗaya wajen ƙarshen shekara, kuma a darussan kimiyya tambayoyin rubutu ake yi a madadin shiga ɗakin gwaje-gwaje. Jami'a na neman kiredit 5 har da Turanci, da lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, sai JAMB wadda ake yi a kwamfuta, da lambar NIN, kuma sai ɗalibi ya kai shekara 16 ake ba shi gurbi. Wanda ya karkata ga Larabci da addinin Musulunci akwai jarrabawar NBAIS. Wanda ke hangen ƙasar waje akwai IGCSE ta Cambridge, ana iya yi mata rijista ta hannun British Council, amma kuɗinta ya yi wa na WAEC nisa ƙwarai.

A ganina, daga rainon yara zuwa aji 6 na firamare, iyayen da suka gama sakandare sosai za su iya riƙe yaro a gida. Ƙaramar sakandare sai da taimakon malamai. Babbar sakandare kuwa, musamman ga mai son likitanci ko injiniyanci, makaranta ta fi, domin yaron da bai taɓa riƙe kayan gwaji da hannunsa ba zai sha wuya a jami'a ko da ya ci takardar.

Mataki na uku: ku gwada inda yaron yake, ba ajin da aka ce yake ba

Kada katin sakamako ya ruɗe ku. Akwai ɗan aji 4 da ke zuwa na uku a ajinsu amma ba zai iya karanta sakin layi ɗaya da bai taɓa gani ba. Gwajin ba ya cin minti 15. Ku rubuta haruffa 10 a warwatse, kalmomi 10 masu sauƙi, jimloli 4 gajeru, da ɗan labari mai layi 8. Ku fara ba shi jimlolin. Idan ya wuce lafiya a ba shi labarin, a yi masa tambaya biyu a ga ko ya fahimta ko furtawa kawai yake. Idan ya kasa a sauko ga kalmomi, in ya kasa a sauko ga haruffa. A yi da Hausa, a sake yi da Turanci, domin sau da yawa matakin ba ɗaya ba ne. Lissafi ma haka: gane lambobi zuwa 99, ɗebewa mai aro kamar 52 a cire 27, sai rabawa kamar 84 a raba gida 6.

Wannan salon gwaji daga ƙungiyar Pratham ta Indiya ya yaɗu, kuma hikimarsa ɗaya ce: a koyar da yaro daga inda ya tsaya. Idan ɗan shekara 10 ya tsaya a matakin aji 2, littafin aji 2 za a saya masa. A naɗe bangon da takarda in yana jin kunya. Cikin 'yan watanni zai haura, tunda ba jiran kowa yake ba.

A wannan makon ne kuma ya kamata a kai shi a duba masa ido da kunne. Yaron da ke manna fuska a littafi, ko sai an kira shi sau uku yake juyowa, wataƙila ba taurin kai ba ne.

Mataki na huɗu: zaɓen manhaja

A nan iyaye suka fi ɓarnar kuɗi. Wata ta ga hoton littattafan Amurka a Instagram ta yi oda, wata biyu sai ta ji ana yabon na Singafo ta koma can, shekara ta ƙare yaro ya fara littafi huɗu bai gama ko ɗaya ba.

Idan yaron WAEC ko NECO zai zauna, manhajar ƙasa ta hukumar NERDC ita ce ƙashin bayanku, domin daga cikinta ake ciro tambayoyi. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabunta ta tare da rage yawan darussa, saboda haka idan kun shiga kantunan littattafai na Sabon Gari ku duba shekarar bugu, ku tambayi mai kanti ko littafin ya bi sabon tsari. Ku buɗe tsakiyarsa kafin ku biya, domin bugun jabu ya yi yawa, wani rubutun ya koɗe, wani shafuka sun ɓace. Littattafan University Press da Learn Africa da Evans su ne makarantu da yawa ke amfani da su, na Hausa kuma kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya daɗe a kai. Abin da ya fi littafin ma amfani shi ne jadawalin darussan zango, wanda ke nuna abin da za a koyar mako-mako. Kowace makaranta tana da shi. Ku roƙi wani malami ya ba ku ku yi hoto.

Manhajar Ingila tana da kyau wajen sa yaro tunani da bayyana dalili, kuma gwamnatinsu ta sa ta a intanet kyauta. Sai dai babu tarihin Najeriya a ciki, babu Hausa, lissafin kuɗi da fam ake yi. Ta dace da wanda ya riga ya yanke cewa IGCSE za a yi. Na Amurka da aka fi tallatawa ga masu karatun gida, irin su Abeka da ACE, an gina su ne a kan koyarwar addinin Kirista tun daga darasin karatu har kimiyya. Iyali Kirista na iya ganin ta yi musu, Musulmi kuwa ya san haka kafin ya tura kuɗinsa. Ko wane ne, awon da ke ciki inci ne da mil, jarrabawarmu kuwa mita take tambaya.

Montessori da ake yawan rubutawa a allon makarantu ba jerin littattafai ba ce. Hanya ce da wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta fara a 1907, inda ƙaramin yaro ke koyo ta taɓa abu da yin aikin gaske. Ba sai an sayi kayan katako masu tsada ba. Wake, murafun kwalba, tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma, zuba ruwa daga kofi zuwa kofi, tsince shinkafa, duk sun isa ɗan shekara 3 zuwa 6.

Ƙa'idar da zan ba ku ita ce babban littafi ɗaya ga kowane darasi, kuma ba a sauya shi sai an gama zango cur. Daga aji 1 zuwa 3 ku zuba ƙarfinku a kan karatu, rubutu da lissafi. Sauran darussa a yi su da hira da zane da fita gani. Manhajojin waya ƙari ne kawai. Khan Academy kyauta ce kuma tana da ƙarfi a lissafi, akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, wadda ke da darussa har da Hausa.

Ɓangaren addini shi ma manhaja yake so. Ku tsayar da ruwaya ɗaya tun farko, domin makarantar allo Warshu take yi, yawancin Islamiyyu kuma Hafsu, yaron da ake yawo da shi tsakaninsu rikicewa yake. Alƙur'ani a bakin malami ake ɗauka, ba a waya ba. Bugun Madina shafi 604 ne, kowane shafi layi 15. Yaron da ke ƙarin layi 5 kullum, kwana 5 a mako, mako 40 a shekara, zai haddace sama da izu 6, muddin ana tilawar baya. Wanda ake ɗura wa shafi biyu a rana ba tilawa, sai ya yi sauka da suna kawai. Allo da tawada da ƙananan littattafan fiƙihu da hadisi, Kasuwar Kurmi ce gidansu.

Mataki na biyar: jadawalin da ya dace da Kano

Kuskure ne a kwafo awa 6 na makaranta a kawo falo. A makaranta lokaci mai yawa yana tafiya ne a taron safe, kiran suna, tsawatarwa da jiran masu jinkiri. A gida ɗan shekara 6 ko 7 awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishe shi boko, ɗan shekara 10 zuwa 12 kuma awa uku zuwa uku da rabi.

Ga yadda rana za ta iya kasancewa. Bayan sallar asuba a yi ƙarin Alƙur'ani na minti 20 zuwa 30, lokacin kai na wasai. A yi wanka, a karya kumallo, kowa ya yi ɗan aikinsa na gida. Ƙarfe 8 a zauna. A fara da lissafi tunda shi ya fi cin ƙwaƙwalwa, a huta minti 10 a tsakar gida, a shiga karatu da rubutu, a sake hutawa, a rufe da darasi ɗaya mai sauƙi. Kafin 11 ƙanana sun tashi, kafin azahar manya sun gama. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a matso da farawa zuwa ƙarfe 7. Da hunturu a bari hantsi ya ɗan dubi ludayi. Kada a gina darasin safe a kan abin da ke buƙatar wuta.

Akwai wata riba da mutane ba su cika lura da ita ba. Ɗan makaranta a Kano boko yake daga Litinin zuwa Juma'a, Islamiyya daga Asabar zuwa Laraba, ka ga babu ranar da yake hutawa gaba ɗaya. Ku a gida kuna iya haɗe su: boko da Islamiyya duka daga Asabar zuwa Laraba, Alhamis ranar fita, Juma'a hutu da ziyarar dangi.

Fitar Alhamis darasi ce, a tafi da littafin rubutu. Gidan Makama na koyar da tarihin sarautar Kano tun daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A marinar Ƙofar Mata yaro zai ga yadda baba da toka da ruwa ke haɗuwa, tufa ta fito daga rijiya da kore-kore, iska ta buge ta ta koma shuɗi, kimiyya ke nan tsagwaronta. A Gidan Ɗan Hausa zai ji labarin Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, da makarantar bokon da ya buɗe a Nassarawa a 1909. Daga kan Dala a zana taswirar birni. A kasuwa a ba shi kuɗin cefane ya lissafa canji da kansa. Gidan Zu da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad su ma suna nan.

Da azumi a rage boko zuwa rabi, a ƙara Alƙur'ani, a rama bayan salla.

Mataki na shida: yadda ake gudanar da darasi ɗaya

A fara da bitar jiya ta minti biyu. A nuna sabon abu ɗaya tak, ku yi misali yana kallo, ku yi tare, sannan ya yi shi kaɗai. A ƙarshe ya faɗa muku da bakinsa abin da ya koya. Minti 10 zuwa 15 ga ƙarami, 25 zuwa 30 ga babba. A duba aikin nan take, kada a tara na mako.

Karatu a fara shi da Hausa. Wasula 5 ne, kuma kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, yaro na kama ba, be, bi, bo, bu sai ka ga ya fara haɗa kalma. Turanci haruffansa 26 amma sautukansa sun haura 40, shi ya sa yaron da aka fara da shi a harshen da bai ji ba yake komawa haddar shafi. Idan an zo Turancin, a koyar da sauti kafin sunan harafi. Tsarin Jolly Phonics yana da sautuka 42, yana farawa da s, a, t, i, p, n, da su kaɗai yaro zai karanta kalmomi da dama. Kullum kuma wani babba ya karanta musu labari da murya, ko na minti 10 ne.

Idan yaran sun kai uku ko huɗu, a haɗa su a tarihi, kimiyya, addini da labari, a raba su a lissafi da karatu. Yayin da kike tare da ƙarami, babba na aikin da zai iya shi kaɗai, sai a juya.

Mataki na bakwai: ɗabi'a da horo

Yaron da ke rawar jiki gaban malamin makaranta shi ne zai kwanta a tabarma ya ce wa uwarsa ya gaji, domin ya san Umma ce. Maganin wannan ba tsawa ba ce, alama ce da ke raba lokacin karatu da sauran lokaci. Wuri ɗaya kullum, ko da kusurwar falo ce da tabarma da ƙaramin allo. A yi wanka a sa tufafin kirki, ba kayan barci ba. A buɗe da addu'a ɗaya, a rufe da ɗaya. Wayar mai karantarwa ta kasance a ɗaki, domin uwar da ke leƙa WhatsApp a tsakiyar darasi ba ta da bakin cewa a mai da hankali.

Dokoki kada su wuce huɗu, a rubuta su a manna a bango, kuma a faɗi abin da ake so a yi: muna zama idan an kira, muna sauraron mai magana, muna gama aiki kafin wasa, muna mayar da kaya wurinsu. A sanar da abin da zai biyo bayan saɓawa tun kafin a saɓa, kuma ya zama yana da alaƙa da laifin. Wanda ya yi wasa da lokacin lissafi zai gama shi a lokacin ƙwallo. Wanda ya yaga littafin ƙanwarsa zai liƙe shi, ya ba ta haƙuri. Abin da aka faɗa a cika shi ba tare da ɗaga murya ba. Barazanar da ba a cikawa, irin su "bari Abbanku ya dawo", tana koya wa yaro cewa maganar uwa ba ta da nauyi.

Kafin a yanke cewa rashin ji ne, a tambayi kai abu huɗu. Ya ci abinci? Ya yi barci, tunda ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12? Aikin ya fi ƙarfinsa, ko ya yi masa sauƙi har ya gundure shi? Ya motsa jiki yau? Yawancin rigimar darasi a cikin waɗannan take. Yaron da kullum sai an zo rubutu yake jin fitsari, rubutun ne ke ba shi wuya, a rage yawansa a zauna kusa da shi. Mai gardama kuma a ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da duk kun yarda da su: "Yaya, lissafi za ka fara ko karatu?"

Batun bulala sai an faɗi gaskiya. Da ita aka raine mu, amma mai karantarwa a gida shi ne kuma uwa ko uba, idan darasi ya zama wurin duka, yaro ba shi da inda zai gudu ya huce. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 bai taɓa ce masa ko "tir" ba, Nana A'isha kuma ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Ibn Khaldun ya yi bayani a littafinsa Muƙaddima cewa tsanantawa ɗalibi na kashe masa kuzari, ta koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hukunci. Duk wanda ya ga yaro na kwafar amsa daga bayan littafi don kada a doke shi ya ga abin da malamin ke nufi. Idan ranki ya ɓaci, rufe littafin, a sha ruwa, a dawo bayan minti 10. Kuskure a lissafi ba laifi ba ne, ba a hukunta shi sam.

Yabo ya zama a kan aikin da aka gani: "Na ga yadda kika sake gwadawa sau uku ba ki yi fushi ba, Allah ya yi miki albarka." Gori da kwatance kuwa a kiyaye su, musamman a gidan da ke da 'yan uba. "Dubi ƙaninka ma ya iya" ba ta taɓa sa yaro ya iya ba, gaba take haifarwa.

Sai masu katse karatu, waɗanda a garin nan ba su da iyaka: baƙuwar hantsi, aike, barka, biki, maƙwabciya mai aron turmi. A sanar da dangi da maƙwabta cewa daga 8 zuwa 11 yaran suna makaranta, kamar yadda ba wanda zai je aji ya ɗauko yaro don sayo kalanzir. A nan 'ya mace ta fi shiga haɗari. Idan aka wayi gari ita ce mai goyon ƙane da wanke-wanke yayin da yayyenta maza ke kan littafi, to an cire ta daga makaranta ne aka sa wa abin suna mai daɗi.

Idan an yi wata shida ana koyarwa yadda ya kamata amma yaro har yanzu yana juya haruffa, ko ba ya iya zama ko na minti biyar a kowane hali, a kai shi sashen yara na babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano a duba shi. Akwai matsalolin koyo da ba ruwansu da ƙarancin basira.

Mataki na takwas: kundi, abokai, da bitar shekara

Kowane yaro a buɗe masa kundi. A ciki a ajiye rijistar kwanakin da aka yi karatu, jerin abin da aka gama kowane mako, aikinsa guda biyu ko uku a wata da kwanan wata a jiki, da sakamakon gwaji. Duk ƙarshen zango wani na waje ya gwada shi, malamin makarantar da kuka ƙulla da ita ko wani ɗan'uwa malami, domin idon uwa yana da sassauci. A maimaita gwajin mataki na uku duk wata uku a ga ko ana gaba.

Abokai kuwa, Islamiyyar yamma ta ɗauke rabin nauyin, shi ya sa ban goyi bayan a mayar da ita gida ita ma ba. A ƙara da ƙwallo a unguwa, da haɗuwa da gida biyu ko uku masu irin tsarinku sau ɗaya a mako: wannan uwar ta koyar da Turanci, wancan uban ya yi gwajin kimiyya, a haɗa kuɗi a biya malamin Larabci ɗaya. Ɗaliban ilimi na Jami'ar Bayero da na Sa'adatu Rimi da yawa na neman irin wannan aiki. A gwada mutum da darasi ɗaya kuna zaune, kuma karatun ya kasance a fili inda ake ganin su.

A watan Yuli, lokacin da makarantu ke rufe shekara, ku zauna ku biyu da kundin a gabanku. Idan an yi karatu a mafi yawan kwanakin da aka tsara, yaron ya haura mataki a karatu da lissafi, mai karantarwa kuma ba ta durƙushe ba, a ci gaba. Idan biyu daga cikin ukun nan sun faɗi, a mayar da shi makaranta a Satumba. Ku je tun a Agusta da kundin da takardar haihuwarsa, ku nemi a yi masa gwajin shiga, kuma ku karɓi ajin da gwajin ya nuna ko da ya gaza wanda kuka sa rai.